Kurakuran da Aka Fi Yi Wajen Zaɓen Kujerar Dako ta Kan Bishiya a Dazukan Gwamnatin Amurka

A Amurka, da yawa daga cikin masu harbin barewa mai farar wutsiya daga sama suke dakonta. Maharbi zai ɗaure wata 'yar kujerar ƙarfe a jikin bishiya, mita biyar zuwa shida daga ƙasa, ya zauna tsit har nama ya ratso. Daga can ya fi hangen nesa, kuma warin jikinsa bai cika saurin kaiwa hancin dabbar ba. Mai dajin kansa hankalinsa kwance: ya kafa tasa tun kafin lokaci ya bar ta nan. Wanda ke farauta a dajin gwamnati kuwa goya ta zai yi ya shiga, sau da yawa ya sake goyo ta ya fito a ranar, kuma bishiyar da zai hau sai ya isa wurin zai san ta. Wanda ya manta da wannan a kanti, a daji zai tuna.

Iri huɗu ne a kasuwa. Akwai mai tsani, wadda tsani ne dogo da mazauni a ƙarshensa. Akwai mai hawa da kanta: gida biyu ce, na zama da na taka ƙafa, kowanne da wayar ƙarfe da ke zagaye bishiya, mutum yana ɗaga ɗaya ya bi da ɗaya har ya kai inda yake so. Akwai ta ratayawa, wadda ake ɗaurewa da bel bayan an hau da sandunan hawa, wato 'yan matakalai da ake ɗaurawa a jikin bishiya. Sai sirdi, wanda majanyi ne mai ƙarfi da mutum ke zama a ciki yana rataye da igiya, ƙafafunsa a kan ɗan ƙaramin dandamali. Mai tsani a cire ta daga lissafi tun yanzu. Nauyinta kan haura kilo 20, kafa ta lafiya aikin mutum biyu ko uku ne, ba kayan mai tafiyar ƙafa shi kaɗai ba ce.

Sayen kujera kafin karanta doka

Kowace jiha da dokarta, wani lokaci ma daji biyu a jiha ɗaya dokarsu daban. A Mishigan ana iya kafa kujera a filin gwamnati daga 1 ga Satumba, dole kuma a cire ta zuwa 1 ga Maris, a rubuta shaidar mai ita a jiki yadda za a iya karantawa daga ƙasa, kuma haramun ne a murɗa matakala mai kusa a cikin bishiya. A Fensilbaniya, a filayen farauta na jiha, ba a kafawa sai saura mako biyu a buɗe farautar barewa, a kuma kwashe cikin mako biyu bayan an rufe. Wiskonsin ta raba jiharta da titi: a filayen hukumar albarkatun ƙasa da ke arewa da babbar hanya mai lamba 64 ana iya barin kujera ta kwana a daji daga 1 ga Satumba zuwa 31 ga Janairu, a kudu da hanyar kuwa kullum sai an sauke. A yawancin wuraren kula da namun daji na Minesota ma kullum ake kwashewa.

Wannan shi ke yanke irin kujerar da ta dace. Inda ba a barin ta kwana, kilo ɗaya ma abin lissafi ne, haka minti nawa take ci kafin a kafa ta a cikin duhu. Gyaran ba shi da wuya: a ɗauki littafin dokokin farauta na shekarar da ake ciki, domin ana sauya su, a duba shafin dajin da za a shiga, sannan a je kanti. A kuma sani cewa barin kujera a bishiya ba ya mallaka wa mutum wurin. Wani zai iya riga ka zuwa ya zauna a gindinta, wani ma ya kwance ta ya yi gaba, ko da ka sa kwaɗo.

Kujerar da ke zaɓa maka bishiya

Nan ne mutane suka fi cin kuɗinsu a banza. Mai hawa da kanta ita ce ta fi jan sabon shiga, don ta fi daɗin zama kuma ba ta buƙatar sanduna. Amma tana da sharaɗi: bishiya miƙaƙƙiya, babu reshe ko ɗaya tun daga gindi har inda za a tsaya, kaurinta kuma yawanci tsakanin inci 8 da 20. A dazukan jihohin kudancin ƙasar da ke cike da dogayen itatuwan katako miƙaƙƙu, wannan ba komai ba ne. A fadama, ko bakin rafi, ko sarƙaƙiya inda itatuwa suka karkace suka yi rassa tun daga ƙasa, sai ka ga maharbi ya sami sawun barewa sabo fil, amma yana yawo da kaya a baya yana neman bishiyar da kujerarsa za ta yarda da ita. Ƙarshe ya zauna mita sittin nesa da hanyar naman, iska kuma tana kai warinsa daidai inda ba ya so. Sare rassa don buɗe hanya ma laifi ne a filayen gwamnati da dama.

Saboda haka kafin a saya, a taka dajin da ƙafa a dubi itatuwan da ke kusa da turbar nama, ba na bakin titi ba. Idan mafi yawansu karkatattu ne masu rassa, ta ratayawa da sanduna huɗu, ko sirdi, su ne maganin. A nemi wadda ake iya daidaita dandamalinta idan bishiya ta ɗan kwanta, domin tsayuwar awa biyar a kan abin da ya karkace na gajiyar da gwiwa, kuma gajiyayye shi ke motsi.

Ɓawon itace ma abin dubawa ne. Haƙoran kujera sun fi kama ɓawo mai kaushi da ɗan taushi. Mai santsi da tauri, ko wanda ke ɓarewa falle-falle, ko wanda ƙanƙara ta lulluɓe, yana zamewa. Busasshiyar bishiya kuwa ba a hawa ko kusa. Tun da aka gano wani koren ƙwaro mai huda itacen ash a Mishigan a 2002, miliyoyin waɗannan itatuwa sun mutu a tsaye, ga su miƙaƙƙu gwanin sha'awa, kuma bayan ganye ya zube a watan Nuwamba da wuya a bambance matacciya da rayayya a hasken tocila. A haska sama a dubi ƙananan rassa, a duba ko ɓawo na zubewa.

Nauyi iri biyu

Na farko shi ne nauyin da za ka ɗauka. Kwali zai ce kujera kilo 5 ce, mai saye ya yi murna, ya manta sanduna huɗu sun kai kilo 4 zuwa 5, ga ɗamarar tsaro mai tare mutum idan ya faɗo, ga igiyoyi, ga rigunan sanyi, ga bindiga ko baka. Mai hawa da kanta ta alminiyam takan kai kilo 9, ta baƙin ƙarfe ta fi haka sosai. A haɗa komai a ɗora a sikeli, wannan shi ne adadin gaskiya. A dajin gwamnati barewa na guje wa inda mutane suka yi yawa, don haka tafiyar kilomita biyu ba abin mamaki ba ce. Kaya mai nauyi na jawo zufa, zufa na ƙara wari, sannan idan an zauna ta huce ta koma sanyi. Igiyoyin goyo da ke zuwa da kujeru da yawa sirara ne masu cin kafaɗa. A sauya su da masu faɗi da bel na ƙugu.

Na biyu shi ne nauyin da kujerar za ta ɗauka. Yawancinsu laba 300 aka rubuta, wato kimanin kilo 136, wasu laba 350. Adadin ya haɗa da mutum da duk abin da ke jikinsa da hannunsa. Mai kilo 120 da kayan hunturu da jaka ya riga ya isa bakin iyaka.

Gudun nauyi kuma kan sa wasu su sayi dandamali ɗan mitsitsi, su manta takalmin hunturu ƙato ne. A sa shi a tsaya a kai a juya hagu da dama kafin a biya kuɗi. Mai baka kuma ya kula da sandar da ke gaban mazaunin wasu kujerun: ga mai bindiga madogara ce, ga mai baka cikas ce, don ƙasan bakan na iya dukanta lokacin sakin kibiya.

Ƙara ba ta buƙatar dogon bayani. Bututun alminiyam idan ya bugi ɗan'uwansa da asuba, kamar an kaɗa ƙararrawa ne. A naɗe duk inda ƙarfe ke taɓa ƙarfe da tef mai laushi, a ɗaure sanduna tamau kada su yi kwaramniya a baya, a taka kowane lungu na dandamalin a ji ko yana ƙugi.

Ɗamara a jiki, igiya ba a bishiya ba

Faɗowa daga kujerar dako na cikin manyan abubuwan da ke raunata masu farautar barewa, kuma yawancinta ba a zaune take faruwa ba. Lokacin hawa ne, ko sauka, ko ɗaga ƙafa daga sanda zuwa dandamali. Kuskuren da aka saba gani shi ne mutum ya sa ɗamara, ya hau hannu rabbana, sai ya zauna sannan ya ɗaura igiya. Ya tsare kansa a inda haɗari ya fi ƙanƙanta ke nan.

Abin da ake so shi ne ɗamarar jiki duka, mai kama kafaɗu da ƙirji da cinyoyi. Tsohon bel na ƙugu kaɗai an daina yarda da shi: idan mutum ya faɗo yakan zame ya shaƙe ƙirji, ko ya juyar da shi kai ƙasa. Mai ta ratayawa yana buƙatar igiyar ƙugu mai zagaye bishiya, irin ta ma'aikatan lantarki masu hawa falwaya, don hannuwansa biyu su samu damar ɗaure sanda. Idan ya iso reshe, sai ya ɗaura igiya ta biyu a saman reshen kafin ya kwance ta farko. Mai kujera mai hawa da kanta ya ɗaura igiyar bayan ɗamararsa a bishiya tun yana ƙasa, yana tura ta sama taki bayan taki. Idan an zauna, a ɗaure igiyar sama da kai yadda ba ta da saki, ta yadda ko an zame faɗuwar ba za ta wuce 'yan inci ba, a iya komawa kan dandamali.

Rataya a ɗamara ma tana da nata haɗarin. Igiyoyin cinya na matse jijiyoyi, jini ya taru a ƙafafu, mutum na iya suma cikin ɗan lokaci. Shi ya sa ake haɗo wata 'yar igiya da ake saƙalawa a taka a miƙe tsaye. Wurinta aljihun ƙirji, tare da waya da usur. Idan suna cikin jakar da ke rataye a reshe, ba su da amfani ga wanda ke reto a ƙasa da ita.

Mai hawa da kanta na da tarko biyu nata. Dole gidan sama da na ƙasa su kasance ɗaure da juna da igiya, in ba haka ba dandamali na iya suɓucewa daga ƙafa ya zarce gindin bishiya ya bar mutum a sama. Sannan bishiya tana sirancewa yayin da ake hawa, don haka a ƙasa ake ɗaure wayar yadda bakin dandamalin zai ɗan ɗago sama, ya daidaita idan an kai. Idan an kai aka ga ya sunkuya, a sauko a gyara. Ba a taɓa zare fil ɗin da ke riƙe wayar a sama.

Ga mai sanduna: tazarar taki kada ta wuce inci 18, musamman da kayan sanyi masu ɗaure ƙafa. Kowace sanda a ja ta ƙasa da ƙarfi ta zauna kafin a taka. Sandar ƙarshe ta ɗara dandamali tsawo, yadda za a sauko a kansa daga sama a taka tsakiyarsa, maimakon a yi ta fafutukar haurawa ta gefe. Bindiga kuma ba a hawa da ita. A cire harsashi, a ɗaure ta da igiya bakinta na kallon ƙasa, a jawo bayan an zauna an ɗaure.

Yawan tsayi ma kuskure ne da ake yi da sunan ƙwarewa. Bayan mita shida ko bakwai, harbi na zama daga sama sosai, kibiya ta kama huhu ɗaya maimakon biyu, barewa ta yi nisa da rauni, wataƙila ta tsallaka filin wani inda sai an nemi izini kafin a bi jini. Mita huɗu a cikin rassa da ganye sun fi mita takwas a jikin bishiya tsirara.

Ba a fafe gora ranar tafiya. Sabuwar kujera a fara gwada ta da rana a tsayin gwiwa, a kafa a kwance har hannu ya saba, sannan a gwada da dare da tocilar goshi da safar hannu, don haka za a yi a daji.

Mai sayen ta hannu ya buɗe ido. A nemi tambarin ƙungiyar masu ƙera kujerun, TMA, wanda ke nuna an gwada samfurin bisa ƙa'ida, a kuma duba lambarsa a jerin kayan da hukumar kare masu sayen kaya ta Amurka, CPSC, ta sa aka janye daga kasuwa. Bel ɗin da ya kwana a daji wata da watanni rana ta ci shi, kurege ya gaigaye shi, bishiya kuma tana ƙara kauri tana ja. A sauya shi ko da yana da kyan gani. Wayoyin da ke riƙe dandamali sukan yi tsatsa a ƙarƙashin robar da ta rufe su, don haka kumburi ko tsagewa a robar alama ce. A duba walda ko ta yi layin tsaga, ƙusoshi kuma a maye su da na kamfanin, ba na shagon kayan gini ba. Ɗamara dai ba a sayen ta hannu: tana da wa'adi, yawanci shekara biyar, kuma wadda ta taɓa tare mutum sau ɗaya ta gama aikinta.