Yadda Malamin Tattalin Arziki Zai Saba wa Ɗalibai da Rubutun Mako-Mako

Malamin da ke koyar da tattalin arziki a jami'a zai iya wajabta wa kowane ɗalibi rubuta gajeren sharhi duk mako a kan abin da ya gani da idonsa. Idan darasin ya shafi buƙata da wadatar kaya, sai ɗalibi ya leƙa kasuwa, kamar ta Dawanau a Kano, ya tambayi farashin kwanon masara, sannan ya bayyana dalilin da ya sa yake faɗuwa da kaka, ya kuma tashi idan damina ta yi nisa, rumbuna sun fara ƙarewa. Janye tallafin man fetur da aka sanar ranar 29 ga Mayu, 2023, shi ma abin nazari ne, tunda kowa ya ji a aljihunsa.

Wajibi ne ɗalibi ya kafa hujja da alƙaluman hauhawar farashi da Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ke fitarwa duk wata. Bayan haka, abokan karatunsa biyu su karanta, su nuna inda hujjar ta yi rauni. Wajen ba da maki, a ganina, ingancin dalili ya kamata malami ya fi dubawa, domin ɗalibai da yawa sukan ɓoye rashin fahimta a bayan manyan kalmomi.