Kurakuran da ake yawan tafkawa wajen tsara hanyoyin ƙafa da na keke a birni

Na gaji da karɓar taswirori daga hannun matasan da suka fara aikin tsara birane, waɗanda kusan dukkansu ke zuwa da abu iri ɗaya, wato koren layi mai kyan gani a takarda wanda ba ya kai kowa inda zai je.

Mafi munin kurakuran shi ne gina hanya gutsure-gutsure. Ana shimfiɗa ta a gefen titin da ya fi faɗi domin can ne babu rigimar biyan diyya, da an iso shataletale kuma sai ta ɓace, a bar mai keke ya yi ta kansa tsakanin tirela da adaidaita sahu. Wannan ya taɓa lashe mana aiki guda sukutum. Hanyar ta tsaya cak a bakin mahaɗar da ta fi kowace haɗari, iyaye suka hana 'ya'yansu bin ta zuwa makaranta, kafin damina ta zagayo masu faci da masu wankin mota sun gaje wurin. Abin da har yau yake ci mini tuwo a ƙwarya shi ne yadda aka riƙa kafa hujja da ita a wajen taro cewa mutanenmu ba sa son keke, aka soke kuɗin kashi na biyu na aikin.

A dubi birnin Sebiya da ke kudancin Sifaniya, wanda malamai suka sani da Ishbiliya. Tsakanin 2006 da 2007 hukumar birnin ta gina kimanin kilomita 80 na hanyar keke a haɗe, kowane reshe yana sadar da mutum da wani, kuma yawancin filin daga wuraren ajiye motoci aka yanko shi. Cikin 'yan shekaru masu hawa keke suka ninka sau da dama, alhali gari ne da zafinsa kan haura digiri 40 a lokacin bazara. Saboda haka kada wani ya sake kawo mini uzurin rana.

Ni dai al'adata ita ce in fara zane daga mahaɗu, in warware yadda yaro da tsohuwa za su tsallaka, sannan in ja layi a tsakaninsu. Kuma ba na ɗora alƙalami sai na taka wurin da ƙafata a lokacin tashi daga makaranta, da ranar kasuwa, da bayan an ɗauke ruwan sama. Wasu abokan aiki suna ganin ɓata lokaci ne. Ban taɓa sauya ra'ayi ba.

Kuskure na biyu shi ne dogaro da fenti. Kai da ka zauna a ofis ka ja farin layi a kan kwalta, ka gaya mini direban da ya taɓa taka birki saboda fenti! A titin da motoci ke wuce gudun kilomita 30 a awa, dole a raba hanyar da dakalin kankare ko jerin turaku, in ba haka ba cikin mako guda za ta koma tashar lodi.

Sauran ƙanana ne, amma suna kashe hanya. A dasa itatuwan inuwa irin darbejiya tun ranar da aka fara aiki. A rufe lambatu da murfin da ba ya cin tayar keke. Kada faɗin hanyar ƙafa ya gaza mita biyu, domin mai keken guragu da ɗan garuwa su iya wuce juna. Gadar sama mai matakala ba mafita ba ce ga tsoho ko mai kaya a ka.

Mai shayi da mai tireda kuwa, a ware musu gurbi a cikin zanen tun farko, domin korarsu ba ta ɗorewa, kuma fitilarsu da hirar da ake yi a gabansu su ne ke sa mace ta yarda ta bi hanyar bayan sallar isha'i.