Yadda za ka tantance tsohon jirgin yaƙi kafin ka biya kuɗin hawa

A Amurka da wasu ƙasashen Turai akwai ƙungiyoyi da ke adana jiragen Yaƙin Duniya na Biyu, suna yawo da su gari-gari, kuma duk mai sha'awa zai iya biyan kuɗi a ɗaga da shi sama na kimanin rabin sa'a. Idan karatu ko aiki ko ziyara ta kai ka can har ka ci karo da irin wannan dama, akwai abubuwan da ya kamata ka bincika kafin ka sa hannu a aljihu, kuma mafi yawansu sun fito fili ne bayan hatsarin da ya auku ranar 2 ga Oktoba, 2019, a filin jirgin sama na Bradley da ke jihar Konetikat a Amurka. A ranar, wani jirgin kai harin bama-bamai ƙirar B-17 mai injuna huɗu, mallakar gidauniyar Collings, ya tashi da mutum 13, ya samu matsalar inji jim kaɗan da tashinsa, ya juyo zai sauka amma bai kai titin sauka ba, ya afka wa tankin ruwan narkar da ƙanƙara ya kama da wuta. Mutum 7 suka rasu: matuƙa biyu da fasinjoji biyar.

Abu na farko shi ne ka san irin izinin da jirgin ke tashi da shi. Waɗannan jirage ba a ƙera su don fasinja ba, ba su kuma cika sharuɗɗan da aka gindaya wa jiragen haya ba, saboda haka a Amurka hukumar kula da sufurin jiragen sama ta FAA kan ba masu su izini na musamman, wanda ya ɗauke musu wasu ƙa'idoji domin jama'a su ɗanɗani tarihi. Ka nemi a nuna maka takardar wannan izini, ka duba ko wa'adinta bai ƙare ba. Ka kuma sani cewa takardar kaɗai ba ta isa shaida ba, domin gidauniyar Collings tana da ita a ranar da jirginta ya faɗi, sai a watan Maris na 2020 aka janye ta.

Tambayar da ta fi kowace nauyi, a ganina, ita ce wane ne ke gyaran jirgin, wane ne kuma ke duba aikin mai gyaran. Mutane da yawa in sun ji labarin irin wannan hatsari sukan ce ai tsufa ne, jirgin da ya haura shekara 70 me zai hana shi faɗuwa. Binciken NTSB, hukumar da ke binciken hatsarin sufuri a Amurka, wanda rahotonsa ya fito a 2021, bai ɗora laifin a kan shekarun jirgin ba. An gano cewa na'urorin da ke ba fulogi wuta a inji na huɗu suna da matsala, fulogan inji na uku kuma sun gaji, abubuwan da kulawa ta yau da kullum za ta iya kamawa tun jirgin yana ƙasa. Matuƙin, dattijo mai shekara 75 wanda ya shafe sama da sa'o'i 7,000 yana tuƙa B-17, shi ne kuma shugaban sashen gyara, wato shi ke kiɗa shi ke rawa, babu wani a gefe mai ikon ce masa yau jirgin nan ba zai tashi ba. Don haka ka tambaya kai tsaye ko matuƙin da shugaban makanikai mutum ɗaya ne, da kuma yaushe jami'in hukuma ya zo da kansa ya duba jirgin, domin rahoton ya zargi ita kanta FAA da sakaci wajen sa ido. Ƙungiyar da ke da gaskiya ba ta jin haushin irin waɗannan tambayoyi. Wadda ta fara kame-kame kuwa ta riga ta ba ka amsa.

Kada dogon tarihin matuƙi ya sa ka saki jiki. Rahoton ya nuna cewa bayan ya kashe injin da ya samu matsala, matuƙin ya sauke tayoyi da wuri, abin da ya ƙara wa jirgin jan iska, sannan ya bar gudunsa ya ragu fiye da kima, har ya kasa kaiwa titin. Abin tambaya shi ne yaushe aka yi masa gwajin sauka da inji ɗaya a mace, ba yawan sa'o'insa kaɗai ba. Haka aka gani a Suwizalan a watan Agustan 2018, inda wani tsohon jirgi ƙirar Ju 52 ya faɗi a tsaunuka da mutum 20, kuma matuƙansa ƙwararru ne da suka saba wuce gona da iri.

A ranar tafiyar ka je da wuri ka tsaya inda za ka ga yadda ake tayar da injuna. A safiyar hatsarin Bradley an sha wahala kafin wasu injunan su tashi, har sai da aka busar da danshin da ke cikin na'urorin wuta, duk da haka aka ɗebi mutane. Ba sai kana makanike ba za ka gane cewa injin da aka yi ta fama da shi a gabanka abin tsoro ne. Idan ka ga haka, ka ce ka fasa, ko da kuɗinka ba zai dawo ba, shi ya sa yana da kyau ka karanta sharaɗin mayar da kuɗi tun kafin ka biya. Ka kuma duba takardar inshorarka, domin wasu kamfanoni ba sa biyan diyya a kan tafiyar da ba ta jirgin haya ba.

Cikin B-17 ba kujeru ne jere ba. Wasu fasinjojin a ƙasa suke zama a kan ƙaramar katifa, da bel irin na sojoji wanda maƙullinsa ya bambanta da wanda ka saba gani. Wasu daga cikin waɗanda suka tsira sun shaida wa masu bincike cewa ba a koya musu ɗaura shi yadda ya kamata ba. Kafin a rufe ƙofa, ka ɗaura bel ɗin, ka kwance, ka sake ɗaurawa har hannunka ya saba, ka ja shi ya kama ƙugu sosai. Ka sa a nuna maka kowace ƙofar fita da yadda hannunta ke murɗawa, domin a Bradley wani fasinja, sojan sama da ya san aikin jirgi, shi ne ya buɗe ƙofar baya duk da raunin da ya ji, wasu suka samu hanyar fita. Ka sa takalmi rufaffe da dogon wando da riga ta auduga mai dogon hannu, ka guji yadin roba da ke narkewa a jiki, sannan ka bar babbar riga da duk wata sutura mai yalwa a masauki, saboda hanyar da ake bi ta tsakiyar jirgin siririya ce ƙwarai kuma ƙarafa sun yi mata yawa.