Yadda za ka haɗa ejan-ejan na AI su yi aiki tare ba su cinye maka kuɗi ba

To jama'a, duk wanda ya fara taɓa manhajojin haɗa ejan-ejan (wato AI da ake ba aiki ya aiwatar da kansa) irin su AutoGen na Microsoft ko CrewAI ko LangGraph, zumuɗi ke ɗibarsa ya jera ejan goma a rana ɗaya, wai hannu da yawa maganin ƙazamar miya. Dakata tukuna. Fara da guda ɗaya, sai ka ga inda ya gaza sannan ka ƙaro masa abokin aiki.

In ka tashi rabawa, rubuta wa kowa aikinsa dalla-dalla, da abin da zai karɓa da abin da zai miƙa. A ce rahoto kake so: wannan ya nemo bayani a intanet, wancan ya rubuta, na uku ya duba, sai oga guda a sama mai raba aiki yana karɓar sakamako. Dabarar ma ba sabuwa ba ce, tun 1980 Reid Smith ya fito da Contract Net, inda ejan ɗaya ke shelar aiki sauran su yi tayi ya zaɓi wanda ya dace, kamar dai bayar da kwangila.

Mai dubawan nan shi ne ƙashin bayan tafiyar, kuma kar ka yarda wanda ya rubuta ya duba kansa, don wallahi cewa zai yi komai daidai. Ka ba mai dubawan abin aunawa na gaske, in kod ɗin kwamfuta ne ya gudanar da shi ya gani da idonsa, in rahoto ne ya koma inda aka ɗauko maganar.

Sannan ka sa musu birki. Ni na taɓa barin biyu suna aiki na je na kwanta, ashe sun gama tun dare sai suka koma wannan ya ce na gode wancan ya ce ai ni ke da godiya, haka har asuba, kuɗin API, wato abin da ake biyan kamfanin AI ɗin kan amfani da shi, na ta zurarewa. Yanzu ina ƙayyade zagaye, in sun kai goma ba su gama ba su tsaya su jira ni.

Kar ka riƙa tura wa kowa duk hirar da aka yi, taƙaitawa ta ishe shi. Wajen jona su da kayan aiki akwai tsarin sadarwa mai suna MCP da kamfanin Anthropic ya fitar a 2024, tsakanin ejan da ejan kuma akwai irinsa mai suna A2A da Google ya fitar a 2025. Amma mai yawo a intanet kar ka ba shi makullin tura imel ko goge fayil, don wani shafin da gangan ake ɓoye umarni a ciki, shi kuma ya karanta ya bi.