Idan za ka haɗu da abokin waya a Legas, ku fara da cin abinci

Shekarata 11 ina gyaran waya a kasuwar waya ta Computer Village da ke Ikeja, kwanana kuma a Agege. Mutumin Funtuwa ne ni. Sana'a ta jefa ni zaurukan WhatsApp da yawa: na masu gyara, na 'yan garinmu, da wani na masu kallon ƙwallo da muke ta musu a ciki tun ban yi aure ba. Da wuya wata ya ƙare wani bai rubuto min ba cewa zai shigo Ikko, wato Legas, yana so mu gaisa. Wasunsu mun shekara uku muna hira kullum, na san sunayen 'ya'yansu, amma ko a hanya muka yi kiciɓis ba zan gane su ba. A cikin irin wannan haɗuwa na samu aminai biyu da yau nake jin su kamar ciki ɗaya muka fito, kuma a cikinta na ga abin da ya sa nake so mutanenmu su riƙa yin hattara. Ga yadda nake yi, ko ni ne baƙon ko ni ne mai masauki.

Tun kana gida, kafin ka biya kuɗin mota, ku yi kiran bidiyo. Murya kaɗai ba ta isa ba, hoto kuwa kowa na iya ɗauko na wani. Ka kira shi ba tare da kun sa lokaci ba, da rana, ka ga fuskarsa da inda yake zaune. Wanda kullum kyamararsa ce ta lalace, ko kullum sabis ne babu, ka ajiye wannan a ranka. Sannan ka yi masa tambayar da iyayenmu ke yi wa baƙo: ɗan wane gari ne, wace unguwa, gidan wa, a Legas ina yake sana'a, wa ya san shi. Wannan ba cin fuska ba ne. Hausawan Legas ba a warwatse muke ba kamar yadda ake zato daga nesa. Agege da Idi-Araba kowacce da Sarkin Hausawanta, kasuwar Mile 12 da shugabanninta, mahautan Oko-Oba sun san junansu. Mutum ya ce maka albasa yake saukewa a Mile 12, kira biyu ko uku sun isa ka samu wanda zai ce eh, na san rumfarsa. Ni da kaina nakan tura wa mai zuwa lambar maƙwabcin shagona tun bai tambaya ba, don in sauke masa nauyin tambayar.

Ba don tsoratarwa nake faɗin wannan ba. A watan Yulin 2012 wata ɗaliba da ke karatu a jihar Nasarawa ta zo Legas bisa gayyatar wasu da ta sani ta Facebook, sun yi mata alkawarin harkar kasuwanci. Su suka tarbe ta, suka kai ta otal a Festac, a can aka kashe ta. A 2017 kotu ta yanke wa biyu daga cikinsu hukuncin kisa. Abin da ya tsaya min a rai a labarin shi ne an daɗe ana hira da ita kafin ranar, har ta saki jiki. Daɗewar hira a waya ba shaida ba ce.

Saboda haka haɗuwar farko kada ta zama a ɗaki, ko naka ko nasa, kada kuma ta zama a cikin motarsa. Ka samu masaukinka da kanka, wurin ɗan'uwa ko inda ka biya da kuɗinka, kuma ba dole ba ne ya san lambar ɗakin. Ka kai kanka wurin haɗuwa. Ka gaya wa mutum ɗaya na gida sunan wanda za ka gani da inda za ku zauna, ka kunna masa alamar inda kake a WhatsApp, wadda ke iya tafiya har awa 8 tana nuna motsinka. Ka cika cajin waya. Lambar neman agajin gaggawa a Legas 112 ce ko 767. Ke kuma 'yar'uwa, ko mace ce za ki gani, ki tafi da wani naki. Mutuniyar kirki ba za ta ji haushi don kin zo da yayarki ko ƙaninki ba, sai ma ta ƙara faranti.

Me ya sa na nace sai wurin abinci? Wurin abinci akwai jama'a, akwai haske, kuma zaman yana da ƙarshe: an cinye, an wanke hannu, kowa na iya cewa zai wuce ba tare da an ga baƙinsa ba. Amma babban dalilina ba shi ne wannan ba. Mutanen da suka saba da rubutu, ranar da suka ga juna baki yakan yi nauyi. Wanda ke cika zaure da barkwanci sai ka gan shi shiru yana murza waya. Faranti shi ke kwance wannan ƙullin. Hannu ya samu aiki, ido ya samu wurin kallo, hira ta fara daga miya ta gangara inda za ta. Kuma a gaban abinci hali ba ya ɓuya. Ka lura da yadda yake magana da yaron da ya kawo ruwan wanke hannu, ka ga ko yana turo maka nama gabanka ko yana janyewa gabansa, ka ji ko ya tambaye ka mutanen gida kafin ya fara zancen kansa.

Lokaci kuwa, ku sa tsakanin Azahar da La'asar. Wanda ya taso daga Kano a Makopolo ya kwana a hanya, tafiyar kusan kilomita 1,000, ya shigo ta Berger da safe ƙafafu a kumbure. A bar shi ya yi wanka ya runtsa. Daga ƙarfe huɗu na yamma kuma gosulo ya fara, tafiyar da taswirar waya ta ce minti arba'in sai ta ci awa biyu, musamman in za a hau gadar Third Mainland ko an yi ruwan sama irin na Yuni da Yuli. Ku zaɓi wuri a ɓangaren da baƙon ya sauka. Wanda ke Agege kada a ce ya zo Lekki don a gaisa, wannan ba karamci ba ne, wahalarwa ce. Jirgin ƙasa na Red Line da ya fara ɗaukar fasinja a 2024 ya sauƙaƙa mana, domin yana tsayawa a Agege, Ikeja, Oshodi, Mushin, Yaba har Oyingbo, sai dai ka binciki lokutan tashinsa, kuma da katin Cowry ake shiga, irin na motocin BRT. Kada baƙo ya dogara da acaɓa, an hana su a Ikeja da Surulere da cikin tsibirin Legas da wasu yankunan. In danfo zai hau, wato ƙaramar bas ɗin haya, ya hau a tasha inda ake lodi, ba wadda ta tsaya masa a gefen titi da mutum uku a ciki ba.

Farantin farko ya zama na gida. A Agege ko Idi-Araba ba za ka rasa mai tuwon shinkafa da miyar kuka ba, ko mai masa da miyar taushe, cikin Hausawa, kusa da masallaci, inda in an kira salla za ku tashi tare. Baƙo yana jin Hausa ta kowane gefe sai kafaɗarsa ta sauka. Tsiren Obalende da balangun dare a bar su sai haɗuwa ta biyu, lokacin da an riga an san juna.

Akwai kuskuren da na yi a nan wanda har yau nake jin nauyinsa. Wani malamin makaranta daga Gusau, wanda muka daɗe muna musun ƙwallo da shi, ya zo raka ɗan'uwansa asibiti. Don ɗokin in nuna masa Legas, ranar farko na kai shi wurin asun, gasasshen naman akuya da ake yankawa ƙanana a juye da attaruhu har sai ya yi ja. Ya ci yana murmushi yana share gumi da hularsa, ina ta ƙara masa. Da dare ɗan'uwan nasa ya kira ni, ashe gyambon ciki ne da shi, kunya ce ta hana shi faɗa. Ya kwana yana juyi. Da na je duba shi da safe na ce, "Malam, ai da ka gaya min." Sai ya ce, "Haba Malam, ka kashe kuɗinka don ni, ya zan ture?" Tun daga ranar nake tambaya tun a waya: akwai abin da likita ya hana ka? Ciwon suga, hawan jini, olsa? Kai ma baƙo ka faɗa. Kara tana da kyau, amma ba a kan lafiyarka ba.

In komai ya tafi daidai, washegari ko bayan kwana biyu, to ku shiga buka ta Yarbawa. Wanda ya zo Legas ya koma bai ci amala ba, a ganina ya bar rabin tafiyar a baya. Ka nemi wurin da ake layi da rana, inda tukunya ke kan wuta kana gani. Yarbawa Musulmi suna da yawa ƙwarai, sau da yawa ma mai wurin Alhaja ake ce mata, amma duk da haka ka tambayi naman mene ne, ba laifi ba ne, sun saba. Ka gaishe ta, ka ce "Mama" ko "Alhaja", kada ka miƙa kuɗi da hagu. In wani ya kira ka "Aboki" kada ranka ya ɓaci nan take, yawancinsu ba su san yana yi mana ciwo ba.

Amala garin busasshiyar doya ce, shi ya sa take da duhu, kuma da zafinta ake ci. Za a tambaye ka malmala nawa. Ka ce a haɗa maka abula: ewedu, wato ayoyon da muka sani, da gbegiri, miyar wake mai laushi ruwan ɗorawa, sai jar miya a sama. Nama ɗai-ɗai ake ƙirgawa, kowane da kuɗinsa, don haka ka tambayi farashi kafin cokalinta ya shiga tukunya. Tumbi shi suke kira shaki, ganda kuma ponmo. Ka ce a rage jar miyar, a nan yajin yake. Malamin nan na Gusau, da ya dawo bayan shekara ya samu sauƙi, na kai shi muka ci da ewedu da gbegiri zalla. Ya gutsura ta farko yana ɗari-ɗari, ya ɗaga yana kallon yadda miyar ke yauƙi tsakanin yatsunsa, ya kai baki, ya yi shiru, sai ya ce, "Wannan ai miyar gidanmu ce, wake kawai suka ƙara." Daga nan hira ta koma kan innarsa da yadda take tsinko ayoyo a bayan gida, muka wuce awa ba mu ambaci ƙwallo ba. Na gaya masa attaruhun da ya kwantar da shi bara ma wataƙila daga ƙasarmu ya zo, tunda kayan gwarin da Legas ke ci manyan motocin Arewa ne ke sauke su a Mile 12. Da safe kuma akwai ewa agoyin, wake da aka dafa ya yi luguf da baƙar miyar manja, a ci da burodin Agege mai danƙo. Yana riƙe ciki har La'asar.

Batun biya ba ya buƙatar ja-in-ja a gaban mai abinci. Mai masauki ne ke biyan na farko, haka muka gada. Shi ya sa ya kamata ya zaɓi wurin da aljihunsa zai ɗauka, kada ya ci bashi don burga. Baƙo kuma ya zo da tsaraba, kuma in ka tambaye mu mazauna kudu abin da muke kewa, ba abu mai tsada ba ne: daddawa ta gaske, kuka sabon daka, man shanu a 'yar kwalba, yajin ƙuli, kilishi. Wani ya taɓa kawo min dakuwa a ƙullin leda daga Katsina, matata ta ɓoye ta tana ba yara ɗaya-ɗaya har sati biyu. A haɗuwa ta biyu baƙo na iya riga mai gida biya, a natse, ba tare da shela ba.

Kuɗi da ciniki kada su hau wannan tabarmar. Kada ka tura wa kowa kuɗi kafin ku haɗu, ko na mota ne ko na kama ɗaki. In a zaman farko ya fara kawo maka zancen wata harka mai ninka jari, ko kaya da suka maƙale a tashar jirgin ruwa ta Apapa ana neman cikon kuɗin fito da su, ka saurara, ka ce sai ka yi shawara da na gaba. Ya sake wuri a ƙurarren lokaci ya ce ka same shi wani lungu, ko ka tarar da mutane uku alhali shi kaɗai kuka yi da shi, ka tsaya a bakin titi ka ce wani uzuri ya taso. Lemo ko ruwa a buɗe shi a gabanka. In kuwa cinikin gaske ne ya kawo ka, kamar masu zuwa sayen gilashin waya da batura a wurinmu, a yi shi a shago da rana, a gwada kaya, a rubuta rasit.

Ranar komawa mai masauki ya yi rakiya har tasha, ya ga motar da baƙonsa ya shiga. Nakan tsaya a hanya in sayi burodin Agege manya guda biyu, da garin Ijebu mai tsami, da kwakwa in an samu, in ce a kai wa yara. Burodin a ɗora shi a cinya ko a sama, kada a danne shi da jaka. Kai baƙo, in kun wuce Ibadan ka turo saƙo, in kun tsallake Jebba ka sake turowa, in ka isa gida kuma ka kira da murya, ka ba shi mutanen gidan su gaisa.