Gashin da bai dawo ba bayan maganin ciwon daji (kansa)

Assalamu alaikum 'yan uwa mata. Allah ya ƙara wa marasa lafiyarmu sauƙi.

Yawanci gashi kan fara tsirowa 'yan makonni bayan an gama kemo, wato maganin ciwon daji mai zubar da gashi. Amma idan wata 6 ya wuce har yanzu gashin shara-shara ne, kar ki zauna jiran tsammani. Wasu magungunan kemo, irin su docetaxel, kan bar gashi a haka na dogon lokaci, ƙwayoyin ciwon dajin nono irin su tamoxifen da letrozole ma suna rage shi. Don Allah kar ki ajiye ƙwayoyinki saboda gashi. Ranar da kika koma asibitin koyarwa na ABU da ke Shika, Zariya, ki faɗa wa likitanki, ki nemi a auna miki sinadarin ƙarfe na jini da kuma aikin thyroid, wanda matsalarsa ke kawo maƙoƙo, domin matsalarsu ma tana zubar da gashi, kuma ana maganinta.

Akwai minoxidil, maganin tsirar da gashi na shafawa, amma sai da izinin likita. Sai an yi wata 3 zuwa 6 kafin a ga canji, kuma in an daina, abin da ya tsiro zubewa yake yi.

Inda muka fi cutar da kanmu shi ne kitso. Ki ce wa mai kitso ta sassauta hannu, manyan kalaba ta ishe ki. Rilaksa, ƙarin gashi da ƙarfen miƙar da gashi duk ki haƙura da su. Ki sa hula mai santsi ƙarƙashin ɗankwali, da hunturu kuma ki riƙa shafa ɗan man kaɗanya.

Haɗin da ake talla a Sabon Gari da WhatsApp kuwa, ni dai ban yarda a shafa abin da ba a san me ke cikinsa ba.