Yadda Ake Hawa Matakin Gasar Harbin Faifan Yumɓu a Girka

Duk mai son bin sawun Efthimios Mitas, ɗan Girkan da ya zama zakaran duniya na harbin sikit (wato harbin faifan yumɓu da ake cillowa sama daga ɗakuna biyu) a birnin Baku na Azerbaijan a 2023, sai ya fara ajiye gaggawa. Mutumin nan ya je Olimfik na Landan tun 2012, amma sai bayan shekara 11 ya rataya gwal ɗin duniya. Wannan haƙurin nasa ne ya sa nake ganin girmansa ƙwarai.

Da farko ka shiga ƙungiyar harbi mai rajista da hukumar wasan harbi ta Girka, SKOE. Ta nan ake samun katin ɗan wasa da damar shiga gasar cikin gida. Daga nan ka nemi mai koyarwa, ka nemi bindiga mai baki biyu wadda gindinta ya zauna daidai a kafaɗarka. Kada tsadarta ta ruɗe ka.

Sai ka san filin. Akwai wuraren tsayawa takwas, da ɗakuna biyu masu cillo faifai, dogo a hagu, gajere a dama. Faɗin faifan santimita 11 ne kacal, dalmar cikin harsashi kuma ba ta wuce giram 24. Kowane faifai harbi ɗaya gare shi. Zagaye ɗaya faifai 25 ne, a babbar gasa kuwa ana yin zagaye biyar, wato 125.

To, ga inda aikin yake. A sikit ba a ɗora bindiga a kafaɗa kafin faifai ya fito. Akwai wani zare da ake ɗinkawa a jikin rigar ɗan wasa wajen ƙugu, dole gindin bindigar ya tsaya nan. Ka kira faifai, yana iya fitowa nan take, yana iya jinkirin har daƙiƙa uku, kuma in ka motsa kafin ya fito alƙali zai ja maka kunne. Saboda haka ka riƙa atisayen ɗaga bindiga kullum, ba harsashi a ciki, har gindinta ya saba samun kumatunka a wuri ɗaya ba tare da ka sunkuyar da kai ba. Idonka na kan faifai, kada ka kalli bakin bindiga. Ka sa saiti a gabansa kaɗan, ka ja kunama hannunka na tafe. Da ka tsayar da hannu, dalmar za ta bi ta bayansa.

Wuri na huɗu ka fi ba lokaci, domin nan faifan ke gilmawa daga nesa, wani lokaci biyu a tare, ɗaya daga kowane ɗaki. A ganina nan ake gane gwani. Na takwas kuwa a tsakiyar fili yake, faifan na zuwa kanka kafin ƙiftawar ido.

In maki ya fara tsayawa sama da 120 cikin 125, sai a fara maganar tawagar ƙasa, da gasar Turai, da gasannin hukumar wasan harbi ta duniya, ISSF, inda ake neman gurbin Olimfik. Mata ma wannan hanyar suke bi, faifai 125 kamar maza: Emmanouela Katzouraki ta shiga zagayen ƙarshe na mutum shida a Olimfik na Faris a 2024, wanda aka yi harbinsa a garin Châteauroux.